Gyambon bakin da ya ƙi warkewa: dalilai, kulawa da lokacin zuwa asibiti

Gyambon baki wani ɗan miki ne da kan fito a harshe, cikin leɓe, cikin kunci ko dasashi. Galibi tsakiyarsa fari ne ko rawaya, gefensa ja, yana zafi a lokacin cin abinci ko magana. Mafi yawansa kan warke da kansa cikin kwana 10 zuwa 14. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, duk gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, dole a duba shi a asibiti, ko da ba ya ciwo.

Abin da ke kawo shi

Dalili mafi sauƙi shi ne rauni: cizon harshe, ƙunar abinci mai zafi, karyayyen haƙori mai kaifi ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba. Irin wannan ba ya warkewa sai an kawar da abin da ke gugar wurin. Ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙori mai ciwo, kamar yadda wasu ke yi, shi ma yana ƙone fatar baki.

Gyambon da ke warkewa ya sake dawowa kuwa yakan danganta da gado, damuwa ko ƙarancin sinadarin ayon, folik asid da bitamin B12. Wasu magunguna ma na jawo shi, ciki har da na ciwon gaɓoɓi da na sankara.

Wani lokaci gyambon alama ce ta wata cuta a jiki, kamar cuta mai karya garkuwar jiki, tarin fuka, tunjere ko ciwon hanji mai daɗewa. Mafi hatsari shi ne sankarar baki, wadda kan fara a matsayin miki guda, mai taurin gefe, sau da yawa a gefen harshe ko ƙarƙashinsa, kuma da farko ba lallai ya yi zafi ba. Shan sigari, cusa garin taba a baki da shan barasa su ne manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinta.

Yara ƙanana

A arewacin Najeriya, mikin dasashin yaro ba abin wasa ba ne saboda cutar Noma. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci. Idan aka gano ta da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman da aka buɗe domin cutar a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Kulawa a gida

Ga sabon gyambo, a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi kofi guda da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau 3 ko 4 a rana. A rage yaji, lemon tsami da shayi mai zafi sosai. A yi amfani da buroshi mai laushi ko asuwakin da aka tauna ya yi taushi. Farasitamol na rage zafin. Hanta, kifi, ƙwai, nono, wake, alayyafo da zogale na taimakawa wajen cike sinadaran da jiki ya rasa. Kada a shafa kanwa, garin taba ko wani abu mai ƙuna, kada kuma a yi ta sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba da umarnin likita ba, domin hakan ɓata lokaci ne kawai.

Lokacin zuwa asibiti

Ba sai an jira mako 3 ba idan gyambon na ƙara girma, yana zubar da jini, ko ya zo da kaluluwa a wuya, wahalar haɗiya, rama ko zazzaɓi. Haka nan idan farin tabo ko ja ya bayyana a baki bai goge ba. Yaro mai kumburin kunci da warin baki kuwa a kai shi a ranar.

Mazauna Unguwar Sarki da maƙwabtanta, irin su Unguwar Rimi, Malali da Badarawa, na iya farawa da likitan haƙori a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke cikin Kaduna. Akan tura masu buƙatar babbar tiyatar baki da muƙamuƙi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Likita zai duba baki da wuya, yakan sa a yi gwajin jini, idan kuma ya yi shakka sai a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama daga gefen mikin a bincika. Wannan gwaji ne ke tabbatar da ko sankara ce, wadda idan aka same ta tana ƙarama ta fi saurin jin magani.