Koyar da Karɓar Alamomin Firgici: Bitar Hujjoji kan Yawan Tunani da Tausaya wa Kai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar fitattun ayyukan da aka wallafa tsakanin 1986 da 2015 kan cutar firgici da kuma jiyyar karɓa da jajircewa, wadda masana ke taƙaitawa da ACT. Ta nuna cewa koya wa majiyyaci karɓar abin da jikinsa ke ji ba ya hana gabansa faɗuwa, amma yana rage tsoron faɗuwar da kuma gudun wuraren da yake tsoro. Da wannan ma'auni ya kamata a auna jiyyar.

Gabatarwa

A 1980 ne kundin gano cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-III, ya ware cutar firgici a matsayin cuta mai zaman kanta. Bugun kundin na 2013 ya lissafa alamomi 13, ciki har da bugun zuciya, gumi, rawar jiki, sarƙewar numfashi, jiri da tsoron mutuwa. Huɗu daga ciki sun isa a ce firgici ya taso, kuma yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci. Sai dai tasowar kaɗai ba ita ce cutar ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 25 ya nuna kashi 13.2 cikin ɗari na manya sun taɓa samun tasowar firgici, amma kashi 1.7 kawai suka kamu da cutar. Abin da ya raba su shi ne zaman zullumi na wata guda ko fiye, ko sauya rayuwa don gudun abin ya maimaitu.

Yadda tunani ke ciyar da cutar

David Clark ya bayyana a 1986 cewa majiyyaci na yi wa ƙaramin motsin jiki mummunar fassara. Zuciya ta ɗan ƙara gudu, ya ce ciwon zuciya ne; tsoro ya ƙara mata gudu; numfashi ya yi sauri har iskar kabon dayoksaid ta ragu a jini, yatsu su fara sanƙarewa, kai ya ɗau jiri. Daga nan sai saƙa da warwara, irin wadda Susan Nolen-Hoeksema ta yi nazari a kanta a 1991. Za ka tarar da mutum yatsansa a kan jijiyar wuyan hannu yana ƙirga bugu, ya daina hawa bene, a taro kuma ba ya zama sai kusa da ƙofa. 'Yan'uwa su ce masa, "Ka cire abin a ranka." Shawara ce ta ƙauna, amma gwajin Daniel Wegner na 1987 ya nuna cewa tunanin da aka danne yakan dawo da ƙarfi.

A kan wannan gaɓa Steven Hayes, wanda shi kansa ya yi fama da cutar, ya gina ACT, ya kuma fitar da littafinta a 1999 tare da Kirk Strosahl da Kelly Wilson. A zaman jiyya akan sa majiyyaci ya yi numfashi ta siririn tsinken shan lemo, ko a juya shi a kan kujera har jiri ya zo, sannan a koya masa ya ce, "Ga tunanin nan na cewa zan mutu ya zo," ya bar shi ya wuce ba tare da kokawa ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Aikin da ya fi fito da batun fili shi ne na Levitt, Brown, Orsillo da Barlow a 2004. Sun raba masu cutar 60 gida uku: an koya wa kashi ɗaya karɓa, ɗaya dannewa, na uku ba a koya musu komai game da firgici ba. Sannan kowa ya shaƙi iska mai kashi 5.5 na kabon dayoksaid tsawon minti 15. Jikinsu duka ya amsa iri ɗaya. Amma waɗanda aka koya wa karɓa sun fi samun sauƙin fargaba, sun kuma fi yarda a maimaita musu gwajin. Wannan yardar, a ganina, ita ce babban sakamako, domin mai komawa ga abin da ya tsorata shi shi ne zai koma kasuwa da wurin aiki.

A 2012 Arch da abokan aikinta sun kwatanta ACT da jiyyar gyaran tunani da ɗabi'a a kan mutum 128 masu cututtukan fargaba daban-daban, suka tarar sakamakon ya yi kusa. A Jamus kuwa, Gloster da abokansa sun ba majiyyata 43 da jiyyar baya ba ta yi musu aiki ba zama takwas na ACT cikin mako huɗu a 2015. Sun samu sauƙi, sauƙin ya ɗore har bayan wata shida. Adadin kaɗan ne, kuma an kwatanta su ne da masu jiran layi kawai, don haka ba a ce ACT ta fi sauran ba.

Tausaya wa kai na shigowa ne bayan firgicin ya lafa, lokacin da mutum ke zagin kansa da ragwanci ko raunin imani. Ma'aunin Kristin Neff na 2003 mai tambayoyi 26 ya dubi kyautata wa kai, sanin cewa wahala ba a kanka aka fara ba, da kallon damuwa ba tare da nutsewa cikinta ba. Mai kunyar abin da ya same shi yakan ɓoye, ya kwana yana juya shi a rai, shi ya sa darasin karɓa da bai taɓa zargin kai ba ya bar aiki a rabi.

Shawara

Kafin a fara koyarwa, wajibi ne likita ya duba zuciya, maƙoƙo da sukari. Majiyyatanmu da ke zuwa da kukan faɗuwar gaba da yawan tunani, wasu bayan sun zaga neman maganin iska ko hawan jini, sun cancanci a gwada musu wannan hanya da harshensu. Muna kira ga masu bincike a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware da Maiduguri su gudanar da gwaji mai rukunin kwatanci na haƙiƙa, su bi majiyyata aƙalla wata shida, su kuma rubuta nawa ne suka koma harkokin da suka ƙaurace wa.