Yadda Ɗaliban Zariya Suka Sauya Fuskar Zanen Coci

 A cocin Katolika akan jera hotuna 14 a bango, waɗanda ake kira Hanyar Gicciye. Suna ba da labarin Yesu Almasihu yadda Kiristoci suka yi imani da shi, daga yanke masa hukunci har sa shi a kabari.

Salon irin waɗannan hotuna daga Turai ya zo. A can ne masu zane suka ƙware wajen kwaɓa garin launi da man tsirrai. Fentin mai ba ya saurin bushewa, don haka mai zane yakan yi ta shafa shi kashi-kashi har fata da tufa su fito kamar a taɓa. Jan van Eyck ya nuna ƙarfin wannan dabara a allon bagaden cocin Gent na Beljiyam, wanda aka kammala a 1432. Sai dai kowa garinsu yake zanawa: Maryamu mahaifiyar Yesu farar Baturiya, Urushalima kuwa kamar wani birnin Turai. Baƙar fata yakan samu gurbi ne cikin masanan nan uku da suka kawo wa jariri Yesu kyauta, kamar a zanen Albrecht Dürer na 1504.

Daga Zariya aka taɓa wannan al'ada. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin fasaha da kimiyya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamansu Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce, su kuma suka ce za su karɓi dabarar amma da idon gida za su yi zane. Aka laƙaba musu 'Yan Tawayen Zariya.

A 1967 Fada Kevin Carroll, wanda daga baya ya rubuta littafi kan ginin Hausawa da Yarbawa, ya ba Onobrakpeya aikin Hanyar Gicciye ta cocin St Paul da ke Ebute Metta a Legas. Onobrakpeya bai yi wasa ba. Ya sa wa mata masu kuka zane da ɗankwali irin na gida, sojojin Rum kuwa ya ɗinka musu kakin zamanin mulkin mallaka, shekara 7 kacal bayan 'yancin kai. Duk wanda ya ga zamanin Turawa ya san wa ake nufi. A 1969 ya sake fitar da hotunan a bugun takarda, kuma an baje su a gidan tarihi na High da ke Atlanta, Amurka, a 2023.

Sauran 'yan ƙungiyar ma sun yi wa coci aiki: Grillo, wanda Musulmi ne, ya yi wa coci-coci da dama a Legas tagogin gilashi masu launi, Nwoko kuma ya tsara ginin cocin limaman Dominika a Ibadan.