Ƙungiyar gama kai ta masu zane a Paris (1873-1874)

A ƙarni na 19, mai zanen da ke neman suna a Faransa dole ya bi ta "Salon", babban baje kolin birnin Paris, inda kwamitin alƙalai ke zaɓen zanen da za a rataya. Wanda aka ƙi aikinsa da wuya ya samu mai saye.

Ranar 27 ga Disamba 1873, wasu masu zane, cikinsu har da Claude Monet, Auguste Renoir, Camille Pissarro, Edgar Degas da Berthe Morisot, suka kafa ƙungiyar gama kai domin su nuna ayyukansu ba tare da alƙalai ba. Bisa dokar ƙungiyar, kowane mamba na zuba faran 60 a shekara, ana raba wurin rataya zane ta hanyar ƙuri'a, sannan kashi ɗaya cikin goma na duk cinikin da aka yi yana shiga asusu.

Sun buɗe baje kolinsu ranar 15 ga Afrilu 1874 a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar, har tsawon wata guda. Masu zane 30 suka kawo ayyuka kusan 165, mutane kimanin 3500 suka shiga kallo. Ɗan jarida Louis Leroy ya yi musu ba'a da sunan "impressionnistes", sunan kuma ya bi su.

Cinikin bai rufe bashi ba, aka rushe ƙungiyar a Disamba 1874. Duk da haka sun sake shirya baje koli bakwai da kansu zuwa 1886. Yau ayyukansu da dama suna gidan tarihi na Orsay.