Daga Hannun Maɗori Zuwa Asibitin Dala

A ƙasarmu ta Gumel, daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, na taso ina jin ana kiran karkacewar ƙashin baya ƙaddarar da ta gagari maɗori. Amma tarihin maganinta ya daɗe. A 1921 Katharina Schroth ta fara gyara ta da motsa jiki da sarrafa numfashi a Jamus. A 1962 Paul Harrington na Amurka ya bayyana sandar ƙarfen da ake dasawa ta tiyata, wadda ya ƙera domin masu shan inna. Mu kuwa tun 1959 muke da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A ganina abin da ya rage shi ne gaggawa: motsa jiki ya fi amfani kafin yaro ya gama girma, domin karkacewar da ta haura digiri 50 galibi sai tiyata.