Rumbun ajiyar kwamfutar tafi-da-gidanka: yadda ake zaɓensa da sauya shi a Douala

Rumbun ajiya shi ne ɓangaren kwamfuta da ke riƙe da komai ko bayan an kashe ta: Windows, manhajoji, hotuna, lissafin shago, kundin kammala karatu. Masu gyara a Douala da Yamai suna ce masa disque dur. Da yawa daga kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da 'yan kasuwa a New Bell da Ndogpassi na hannu ne, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai kafin su iso nan. Jikinsu yana da ƙwari, amma rumbun da ke ciki ya riga ya sha aiki. Idan kwamfuta tana shafe mintuna kafin ta gama tashi, ko ta daskare da zarar an buɗe fayil biyu, sau da yawa laifin rumbun ne, kuma sauya shi ya fi sayen wata kwamfutar sauƙi nesa ba kusa ba.

Iri biyu ne

Na farko shi ne HDD, tsohon yayi. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karatu da rubutu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kusa kai kaurin silin gashi ba. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956, da faifai 50, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba. Na kwamfutar tafi-da-gidanka yakan karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa.

Na biyu shi ne SSD. Babu abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin ajiya ne irin na wayar hannu. Mai mahaɗar SATA yana kai megabayit 550 a daƙiƙa, mai NVMe kuma 3,500, sababbi ma har 7,000. Kada waɗannan alƙaluma su ruɗe ka. Tashi daga HDD zuwa SSD na SATA shi ne canjin da ido ke gani nan take. Daga SATA zuwa NVMe, mai aikin Word da Excel da kallon bidiyo da ƙyar zai lura da wani bambanci.

A Douala akwai ƙarin dalilin fifita SSD. Kwamfutar da ke yawo a jakar baya, a kan bendskin, daga Ndogpassi zuwa Akwa cikin ramukan damina, tana shan jijjiga, kuma HDD ba ya jure ta, musamman idan an rufe murfin an ɗaga kwamfutar faifan bai gama tsayawa ba. Ɗaukewar wuta kuwa ba ta bar kowannensu ba: kwamfutar da batirinta ya mutu, idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubuta fayil, fayil ɗin na iya lalacewa ko da SSD ne a ciki. Wannan maganinsa sabon batir.

Gano abin da kwamfutarka ke karɓa

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Kafin ka je kasuwa, danna Ctrl, Shift da Esc tare. Idan Windows ɗinka na Faransanci ne, Gestionnaire des tâches zai buɗe. Shiga Performances, za ka ga ko HDD ne ko SSD, da lambar samfurinsa. Sannan ka juya kwamfutar ka kwafi cikakken sunanta. HP da Dell da Lenovo duk suna da littafin gyara na kowane samfuri kyauta a intanet, kuma yana faɗin irin rumbun da ke shiga.

Tsofaffin kwamfutoci suna da gurbin inci 2.5 mai mahaɗar SATA. Duk SSD na inci 2.5 zai shiga nan. Kaurinsa milimita 7 ne, gurbin wasu kuma 9.5, don haka akan sa ɗan abin tokare kada ya riƙa motsi. Wasu ThinkPad na wajen 2011 da 2012, kamar X220 da X230, suna da ƙarin ƙaramin gurbi da ake kira mSATA.

Na baya-bayan nan suna da gurbin M.2, inda SSD ɗin siriri ne kamar guntun rula. Lambar 2280 da ake rubutawa a jikinsa tana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230. Matsalar ita ce M.2 siffa ce kawai. A cikin wannan siffa akwai na SATA, akwai na NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba. Na SATA yawanci yana da tsaga biyu a bakinsa, na NVMe tsaga ɗaya, amma tsagar ba hujja ba ce: yana iya shiga gurbin daidai, kwamfutar ta ƙi ganinsa. Na ga abokin aiki da ya yi tafiya biyu zuwa Akwa a kan haka, mai shagon kuma ya ce an riga an yage kwali.

Akwai kuma waɗanda ba a sauya musu rumbu sam. Ƙananan kwamfutoci masu arha da aka rubuta eMMC 32 ko 64 a jikinsu, an manne ƙwayar ajiyarsu a babban allon ciki. Haka MacBook na shekarun nan. Wanda zai sayi irin waɗannan ya san cewa girman da ya saya shi zai zauna da shi.

Wane girma

A takardun Faransanci Go shi ne GB, To kuma TB. Abu ɗaya ne. Windows 11 kaɗai yana neman gigabayit 64, saboda haka 128 ya yi kaɗan, zai cika kafin shekara ta zagayo. Ga ɗalibi ko mai shago 256 ya isa, 512 kuma ya fi kwanciyar hankali. Mai ɗaukar bidiyon biki ko tara karatuttukan malamai ya nemi terabayit 1, ko ya haɗa ƙaramin SSD da HDD na waje. Idan kwamfutar tana da gurbin DVD da ba a amfani da shi, ana cire shi a sa wani ɗan akwati mai ɗaukar rumbu na biyu.

Rumbun 256 zai nuna 238 a Windows, na 512 ya nuna 476, na terabayit 1 kuma 931. Ba cuta ba ce: kamfani yana ƙirga da dubu, Windows da 1,024.

A wurin mai sayarwa

A shagunan kayan lantarki na Akwa ana samun sabo, ana samun na hannu, ana kuma samun na hannu a cikin sabon kwali. Samsung, Kingston, Crucial da Western Digital sunaye ne da aka sani, shi ya sa su aka fi yi wa jabu. Ka tafi da kwamfutarka, da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, a ɗan filashin USB. Tana karanta bayanan da rumbun ke ajiyewa game da kansa: launin shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma ya kusa mutuwa. Tana kuma nuna awannin da ya yi a kunne. Kwamfutar ofis takan yi wajen awa 2,000 a shekara, don haka wanda aka ce maka sabo ne amma ya nuna 9,000, ka san inda aka dosa. Akwai masu goge wannan ƙirge, shi ya sa rasit mai ɗauke da lambar rumbun da kwanakin garanti ya fi rantsuwar mai shago.

Jabun girma ya fi wannan muni. Rumbun zai ce shi terabayit 2 ne alhali cikinsa bai kai haka ba, ya riƙa karɓar fayiloli, sai ranar da ka nema ka tarar ba sa buɗewa. Manhajar H2testw tana cika rumbun gaba ɗaya ta sake karantawa, ta tona asirin. Tana cin awanni, don haka a yi ta a gida kafin garantin ya ƙare. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna shi kansa alama ce.

Sauyawa

Da farko kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri daban. Idan an kulle rumbun da BitLocker, nemi mabuɗinsa mai lambobi 48 a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda. Daga nan hanya biyu ce: ko a kwafe tsohon rumbun kacokan zuwa sabon da manhaja irin Clonezilla, ko a sa Windows sabo fil daga filashi mai gigabayit 8. Ni na fi son ta biyun ga kwamfutar hannu, domin ba ka san abin da masu ita na baya suka bari ba. Lasisin Windows na gaske yana ɗaure ne da babban allon kwamfutar, yakan dawo da kansa idan an hau intanet. Sai dai sabon rumbu ba ya sa tsohuwar kwamfuta ta cancanci Windows 11, kuma Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025.

Kashe kwamfutar, zare caja, cire batir ko zare wayarsa idan na ciki ne. SSD na M.2 ana cusa shi a karkace, a kwantar da shi, a ɗaure da sukuru ɗaya.

Tsohon rumbun kada ka bar shi a teburin mai gyara. Hotunan iyali da hoton katin ɗan ƙasa suna nan a ciki, kuma gogewa ta yau da kullum ba ta hana a dawo da su. Sayi ɗan akwatin USB, wanda ake ce wa boîtier, ka sa shi ya zama wurin ajiyar kwafi. Za ka buƙace shi, domin HDD yakan yi ƙara ko ya fara nawa kafin ya mutu, SSD kuwa sau da yawa ba ya sallama. A ajiye akwatin a cikin roba mai murfi, nesa da ƙasa, saboda laimar Douala da ruwan da ke shiga gidaje a watannin Yuli da Agusta.