Asalin Kamannin Wuƙaƙen Daji na Turawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da wuƙaƙen nan na Turawa, waɗanda maharba da sojoji da matafiya ke ratayawa don tsira a daji, zai ga abin mamaki. Sunayen kamfanoni dabam dabam ne a jikinsu, amma sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Bayan kowace an zabge shi wajen tsini, akwai kwarmi a jikin ruwanta, ga ɗan ƙarfe ya gitta don kare yatsu, ƙota kuwa ta fata ce. To, wannan kama tana da tarihi, saninsa kuwa zai amfani mai saye.

Labarin ya faro daga Amurka. A shekarar 1827 aka yi wani faɗa a kan yashin kogin Misisifi, kusa da garin Natchez. Wani mutum mai suna Jim Bowie ya sha harbi da suka, amma duk da haka ya kashe abokin gabarsa da wata babbar wuƙa. Labari ya bazu, kowa ya ce shi ma irinta yake so. Da maƙeran Shafil ta Ingila suka ji ana ciniki, sai suka shiga ƙera ta jibgi jibgi suna aikawa Amurka. George Wostenholm yana cikin manyansu. Siffar da ta fi karɓuwa ita ce mai zabgaggen baya, don tsininta ya fi shiga, cikinta kuma ya dace da fiɗa.

A ƙarshen ƙarni na 19 sai ga Webster Marble, mutumin Gladstone ta jihar Mishigan, wanda ya daɗe yana yawon daji yana ƙiyasta itatuwan katako. Ya ga wuƙar Bowie ta yi wa mai tafiyar ƙasa girma, sai ya rage ta, ya sa mata suna Ideal. Ya yi mata kwarmi mai faɗi. Mutane sukan ce hanyar jini ce, amma amfaninsa na gaskiya shi ne rage nauyi. Ƙotar kuwa, sai ya huda ƴan gutsattsarin fata, ya zura su ɗaya bisa ɗaya a wutsiyar ƙarfen, ya matse. Irin wannan ƙota ba ta da santsi sosai, ba ta kuma daskarar da hannu da sanyi. Ba a daɗe ba sauran kamfanoni suka kwaikwaya.

Sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A watan Nuwamba na 1942 rundunar Amurka da ake kira Marin ta zaɓi wuƙa mai ruwa inci 7, wadda aka ɗauko siffarta daga waɗannan wuƙaƙen farauta. Tun da yake kamfani ɗaya ba zai iya wadatar da mayaƙa ba, sai aka raba kwangila. Camillus ya ƙera, Union Cutlery na garin Olean ya ƙera, haka Robeson da PAL. Hukuma ce ta yanke tsawo da kauri da irin ƙarfe, duk wanda ya kauce a mayar masa da kayansa. Union Cutlery yakan buga tambarinsa, watau KA-BAR, a jikin tasa. Sunan ya yi wa sojoji daɗin faɗi, har suka riƙa kiran kowace da shi, ko da wani ne ya ƙera ta. A shekarar 1952 kamfanin kansa ya ɗauki sunan.

Haka aka sake yi wajen ƙarshen shekarun 1950, da aka nemi wuƙar da matuƙin jirgin sama zai tsira da ita in ya faɗi a daji. Kamfanin Marble ya fitar da samfur, amma Camillus ne ya ci yawancin kwangilar, daga baya kamfanin Ontario ya bi. An yi mata haƙoran zarto a baya don yanka jikin jirgi, gindin ƙota ya zama guduma, kube kuma yana da aljihun dutsen washi.

A 1963 kamfanin Randall na jihar Fulorida ya fito da mai ƙota kamar gora, a zuba ashana da fatsa da magani a ciki a rufe. Bayan da aka nuna irinta, ƙirar Jimmy Lile, a sinimar Rambo ta 1982, sai kwaikwayo ya cika kasuwannin duniya. Mafi yawa na arha ne, wutsiyar ƙarfensu ƴar guntuwa, ana sara itace sai su ɓalle daga wuya.

Ashe ke nan dalilan kamannin uku ne. Na farko aiki: hannun ɗan Adam iri ɗaya ne, fiɗa da faskare da sassaƙa kuma ba su sake ba, kamar yadda laujen maƙeran garuruwanmu kan yi kama ba tare da sun haɗu ba. Na biyu umurnin hukuma. Na uku kasuwa, don abin da ya karɓu kowa sai ya ƙera.

Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Camillus, wanda ya ƙera wa sojoji fiye da miliyan ɗaya, ya rufe a 2007, siffar kuwa tana nan a hannun masu kirki da marasa kirki. Saboda haka in za ka saya, kada suna ko ƙyalli ya ruɗe ka. Duba ko ƙarfen ya ratsa ƙota har gindi, girgiza ka ji ko tana motsi, ka gwada kaifin a busasshen itace. Mutumin da dare ya yi wa a daji, abin da ke cikin kubensa shi ne gatansa.