Ɗorin Lissafi: Tafiyar Aljabara Daga Bagadaza Zuwa Allon Aji

Ɗalibin da malami ya rubuta wa 3x − 4 = 11 a kan allo yakan zaci ilimin dukkansa Turawa ne suka ƙago shi. Harafin x kam nasu ne. Amma hanyar da ake bi a warware tambayar ta girmi harafin da shekara ɗari takwas, kuma a Bagadaza aka tsara ta.

A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, wani masani mai suna Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya wallafa littafin da ake taƙaita sunansa da Aljabru wal-Muƙabala, wajen shekarar 820. Mutanen Babila da Girka da Indiya sun daɗe suna warware irin waɗannan tambayoyi. Gudunmawarsa ita ce ya tattara su, ya kasa su gida shida, ya ba kowane gida ƙa'idarsa. Abin da zai ba ɗalibin yau mamaki shi ne babu alamar lissafi a cikin bayanin. Da zance ake komai. Adadin da ba a sani ba sunansa «shai'u», wato abu. Idan aka ninka abin da kansa ya zama «mal», wato dukiya, tsurar lambobi kuwa sau da yawa dirhami yake kiransu. Da shi ne zai faɗi tambayar da ke allon nan, cewa zai yi: abu uku da aka cire musu dirhami huɗu sun yi daidai da dirhami goma sha ɗaya.

Kalmar «jabru» a Larabci tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi. Ɓangaren da aka cire wa huɗu ya samu karaya, don haka sai a mayar masa da huɗunsa, a ƙara wa ɗaya ɓangaren huɗu don kada sikeli ya rinjaya. Abu uku sun zama goma sha biyar, abu ɗaya biyar ke nan. Muƙabala kuwa ita ce a jera ɓangarorin biyu fuska da fuska a soke abin da suka yi tarayya a kai.

Ba don nishaɗin masana aka yi aikin ba. Kusan rabin littafin a kan wasiyya da rabon gado yake: mamaci ya bar 'ya'ya, ya yi wa bare wasiyya, ga kuma bashi a kan ɗaya daga cikin magada, nawa ne rabon kowa? Duk wanda ya taɓa zama a zauren da malami ke raba gado, ya ga yadda zumunci ke iya tsinkewa a kan tumuni da sudusi, ya san nauyin wannan tambaya. A ganina nan ne darajar littafin take, ko da yake littattafan makaranta ba su cika ambatonsa ba.

Daga baya ilimin ya ƙetara. A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a ƙasar Sifen, «aljabru» ta zama sunan fannin a harsunan Turai. Alamar daidai, layuka biyun nan, Robert Recorde ne ya shigo da ita a 1557. Sai 1637 René Descartes na Faransa ya ware haruffan ƙarshe, x da y da z, ga adadin da ba a sani ba. Shi da takwaransa Pierre de Fermat suka nuna cewa lissafi mai ɓoyayyun adadi biyu ana iya zana shi. A ɗauki y = 2x + 1: idan x sifili ne y ɗaya ne, idan x ɗaya ne y uku ne, idan biyu ne biyar. Ɗalibi ya ɗiga waɗannan wurare uku a takarda, ya ɗora rula, zai tarar duk sun hau miƙaƙƙen layi guda.